Motar Baba ko Motarmu? Tsokaci a kan Yara da Ɗaukar Alhaki

Akwai tambayoyin da mutum kan ji nauyin kawo su gaban masana saboda ƙanƙantarsu, alhali kuwa a cikinsu ne ake gane inda tarbiyyar gida ta dosa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce: wane ne ya kamata ya kula da tsaftar motar gida, kuma ta wace hanya za a sa yara su ɗauki wannan nauyi? Duk wanda ya saba shiga motar magidanci mai 'ya'ya huɗu ko biyar ya san abin da ake nufi. Daga waje tana ƙyalli kamar amarya, amma da zarar an buɗe ƙofar baya sai a tarar da ɓawon gyaɗa, da tuƙar rake, da ledar ruwa, da takardar biskit. Ga shatin takalmi a bayan kujerar direba, ga kuma wani wari da ba a gane asalinsa sai an ɗaga shimfiɗar ƙafa an ci karo da guntun ayaba na makon jiya. Maigida ya yi faɗa, uwargida ta ba da haƙuri, yara su sunkuyar da kai, bayan kwana uku a koma gidan jiya.

Mai karatu zai iya cewa maganin wannan ai ba ya buƙatar doguwar muƙala: a miƙa wa yaro bokiti da tsumma, magana ta ƙare. To, amma sa yaro ya yi aiki daban, sa shi ya ɗauki alhaki kuma daban. Na farko ko jaki ana iya sa shi. Na biyun shi ne abin da ya gagari iyaye da malamai da gwamnatoci, kuma shi nake son mu duba.

Kafin nan, ya kamata mu tuna matsayin mota a gidan ɗan Nijeriya. A da, doki ne alamar isa, kuma mai doki yana da mai kula masa da barga. Da zamani ya juya, mota ta gaji wannan matsayi, musamman daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, na Volkswagen kuma a Ikko. Peugeot 504 ta zama shaidar cewa ma'aikaci ya kai wani mataki. Daga baya, da tattalin arziki ya karye, aka koma kan motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, amma darajar mota a idon magidanci ba ta ragu ba; sai ma ƙaruwa da ta yi saboda wuyar samunta. A gidaje da yawa, idan aka cire gidan kansa, babu kadarar da ta kai ta tsada, kuma ma'aikacin da ke zaune a gidan haya ko gidan ma'aikata, a Jos ne ko Badun ko Ilori, ita ce kaɗai abin da zai nuna ya ce nasa ne.

Wannan tarihi ya bar tabo a harshenmu. A saurari yadda yara ke magana: kusan kullum “motar Baba” suke cewa. Sukan ce “gidanmu”, sukan ce “unguwarmu”, har “akuyarmu” sukan ce, amma mota ta Baba ce. Kuma gaskiya suka faɗa. An hana su jingina da ita, an hana su wasan ƙwallo kusa da ita, an hana su taɓa rediyonta. Ba a tambayar su inda za a je da ita, balle a ji ra'ayinsu. Lokaci ɗaya tak ake kiran ta da “motarku”, wato ranar Asabar da safe, sa'ad da aka ce su fito su wanke ta. Yaro ba wawa ba ne. Ya san cewa abin da yake zama nasa ranar wahala kawai, ranar daɗi kuma ya koma na wani, ba nasa ba ne. Zai wanke, domin babu yadda zai yi, amma wankin ɗan ƙwadago ne wanda ba a biya ba, kuma da ya shiga cikinta ranar Litinin zai yar da takardar alewa ba tare da zuciyarsa ta ce masa komai ba.

Kalmar “alhaki” kanta abin lura ce. Bahaushe yana cewa “alhakin kula da yara yana wuyan uba”, yana nufin nauyin da aka ɗora wa mutum. Yana kuma cewa “kada ka ɗauki alhakina”, yana nufin zunubin cutar da wani. Kalma ɗaya ta haɗa abin da ake tambayar ka a kansa da wanda ka cutar idan ka yi sakaci. Haka ma “nauyi”: akwai nauyin da ake ɗauka, akwai nauyin da ake ji. Sai mutum ya ji nauyin wani kafin ya ɗauki nauyin abin da ya shafe shi da zuciya ɗaya. Ashe ke nan, a fahimtar Bahaushe, babu alhaki sai da mutum na biyu. Ƙarfe da fenti ba su da hakki a kan kowa. Idan har tsaftar mota ta zama batun ɗa'a, to saboda mutanen da za su zauna a cikinta ne, da wanda zai duƙa ya kwashe abin da aka zubar.

Daga nan za mu ga cewa dattin mota iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke rikitar da iyaye. Akwai dattin waje: ƙurar hunturu da ke sauka a kan kowace mota daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da taɓon damina, da kashin tsuntsu. Wannan ba laifin kowa ba ne, don haka wanke shi aikin gayya ne na gida, kamar shara da ɗebo ruwa, wanda ake rabawa bisa ƙarfi da shekaru. Akwai kuma dattin ciki, wanda kowane guntunsa yana da mai shi: wani ne ya ɓare gyaɗar, wani ne ya zubar da lemon. Abin mamaki shi ne, iyaye sun fi tsananta wa yara a kan na farkon. Dalili kuwa a fili yake: wajen mota shi maƙwabta da abokan aiki ke gani. Muna koya wa yaro ya goge abin da idon jama'a zai sauka a kai, muna kau da kai daga abin da shi da kansa ya aikata. Idan ya girma ya zama ma'aikacin da ke share ofis ranar da babban baƙo zai zo kawai, bai kamata mu ce ba mu san inda ya koyo ba.

Ɗaliban nahawu za su ji daɗin wani abu a nan. Tun 1960 F. W. Parsons ya karkasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, kuma yaron da bai taɓa jin sunan Parsons ba ya iya sarrafa su fiye da mai digiri idan ya yi laifi. Ba zai ce “na zubar da lemo” ba, sai ya ce “lemo ya zube”. Ba zai ce “na fasa” ba, sai “ya fashe”. Da canjin wasali ɗaya ko biyu mai aikatawa ya ɓace daga jimla, lemo ya zama shi ya ga dama ya kwanta a kan kujera. Ba yara kaɗai ke wannan dabara ba. Mun sha jin manya suna cewa kuɗi “sun salwanta”, takardu “sun ɓace”, aiki “ya lalace”. A ganina, matakin farko na ɗaukar alhaki a baki yake, kafin a je ga tsumma: yaro ya iya furta “ni na zubar” ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Sai dai ba zai furta ba idan ya san abin da zai biyo baya mari ne. A nan ne hanyar farko da iyayenmu suka fi sabawa da ita, wato tsawa da bulala, take da rauni. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna a littafinsa na 1932 cewa ƙananan yara kan auna laifi da girman ɓarna, ba da niyya ba. Ya ba su labarin yara biyu: ɗaya ya fasa kofuna 15 bisa kuskure yayin da ya buɗe ƙofa, ɗayan ya fasa kofi ɗaya yana ƙoƙarin ɗaukar abin da aka hana shi. Ƙananan suka ce mai kofuna 15 ya fi laifi. Sai da suka ƙara shekaru suka fara duba niyya. Abin takaici, uban da ya fusata yakan koma matakin ƙananan nan. Yaron da mota ta faɗa rami kunu ya kife masa a kan kujera yakan sha duka, wanda kuwa ya tura ɓawon ayaba ƙarƙashin kujera da gangan yakan tsira, domin ba a gani ba. Darasin da yaran biyu suka ɗauka iri ɗaya ne: a iya ɓoyewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yi gargaɗi a kan haka a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya bayyana yaro a matsayin amana a hannun iyayensa, ya kuma ba da shawarar kada a yawaita yi masa faɗa a kowane lokaci, domin faɗan zai zama abin da kunnensa ya saba da shi, ya daina tasiri.

Ƙasar nan ta taɓa gwada hanyar bulala a babban mataki. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, kuma a watan Yuli na 1985 aka buɗe babinsa na tsaftar muhalli a Kano. Waɗanda suka ga zamanin sun shaida cewa an bi layi, an share kwatoci, garuruwa sun yi fes. An kifar da gwamnatin a watan Agusta na wannan shekarar. Sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta ci gaba a jihohi da dama, amma kowa ya san yadda ta koma: mutane su kulle kansu a ɗaki su yi barci har ƙarfe goma, a buɗe hanya, a fito a ci gaba da zubar da shara a kwata. A 2016 gwamnatin Jihar Legas ta soke nata tsarin. Ba ina cewa tilastawa ba ta da amfani ko kaɗan ba. Akwai lokacin da sai da ita, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba a zama da shi a yi muhawara. Abin da nake cewa shi ne, tsaftar da tsoro ya haifar tana tafiya tare da mai bulalar. Maigida ya yi tafiyar mako biyu, ya dawo ya leƙa motarsa, zai ga iyakar abin da ya shuka.

Hanya ta biyu, wadda 'yan boko suka fi so, ita ce lada: wanke mota, ga naira kaza. Tana da kyan gani, domin tana koya wa yaro cewa kuɗi da gumi ake samun su. Amma akwai binciken da ya kamata mai wannan ra'ayi ya sani. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu suka yi gwaji da yaran wata makarantar reno ta Jami'ar Stanford a Amurka, yaran da tun asali suke son zane. Aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, wasu kuma ba a yi musu alkawarin komai ba. Da aka dawo bayan kwanaki aka ajiye kayan zane ba tare da wani alkawari ba, waɗanda aka saba wa da lada suka rage sha'awa, sauran kuwa suka ci gaba kamar da. Haka kuma a 2000 Uri Gneezy da Aldo Rustichini suka wallafa abin da suka gani a gidajen renon yara na birnin Haifa: da aka sa tara a kan iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai makarar ta ƙaru, kuma ko da aka janye tarar ba ta koma yadda take ba. Da can iyayen kunyar malamar da suka tsayar suke ji. Da kuɗi ya shigo, sai abin ya zama ciniki, kunya ta fita.

Wannan ya yi daidai da abin da muka gani a kalmar “nauyi”. Da zarar ka sa farashi a kan kwashe abin da yaro ya zubar da hannunsa, ka mayar da hakkin 'yan'uwansa haja. Mai wayo a cikinsu zai gane cewa yawan datti yawan ciniki ne. Mai zuciya kuma zai ce yau ba ya bukatar kuɗin, don haka ba ya bukatar aikin, kuma bisa ƙa'idar da ka kafa da kanka ba ka da bakin magana. Ban ga aibu ba idan saurayi ɗan shekara goma sha biyar ya kwashe wuni yana goge fenti da wanke ƙarƙashin mota, aikin da dā ma za a biya wani a wurin wankin mota, uba ya ba shi wani abu. Wannan sana'a ce. Amma ɓawon gyaɗar da ya ci ba a saye shi daga hannunsa.

To, idan bulala ba ta isa ba, lada kuma tana da illa, me ya rage? Ina ganin kakanninmu manoma sun riga mu warware wannan matsala, ko da yake ba a kan mota ba. A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Amma uba mai hikima yakan yanka wa kowane ɗa gayauna, ƙaramar gona tasa ta kansa, wadda zai noma da yamma ko ranar hutu, abin da ta bayar kuma nasa ne. A ɗaya ɓangaren, uban yana da nasa wajibai a kansu: shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji a zamanin da ake biya, shi ke ɗaukar nauyin auren fari. Wato gandu yarjejeniya ce mai fuska biyu, kuma duk inda uba ya ci amfanin gumin 'ya'ya ya ƙi sauke nasa, gandun yakan watse. Haka nan al'adar ba yaro kaza ko 'yar akuya ya yi kiwo: idan ta haihu ya ga sakamakon kulawarsa, idan ta mutu da yunwa ba ya bukatar wanda zai yi masa wa'azi. Tun a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotal ya lura da wannan lokacin da yake sukar ra'ayin malaminsa Aflatun na haɗa dukiya da iyali wuri guda: abin da mutane da yawa suka yi tarayya a kansa shi ya fi rasa mai kula, domin kowa yana zaton wani zai yi. Gayauna ita ce amsar Bahaushe ga Aristotal: a bar gandu a matsayinsa na kowa, amma a cikinsa kowa ya san iyakar da za a tambaye shi a kai.

Idan aka kawo wannan cikin mota, ma'anarsa ita ce kowane yaro ya san wurinsa. Kujerar da ya saba zama da abin da ke ƙarƙashinta nasa ne. Ba ya sauka sai da abin da ya shigo da shi. Ƙaramin ya riƙe ledar tara shara, wanda ya fi shi ya kakkaɓe shimfiɗun ƙafa, babban ya ɗauki gilasai da tayoyi. Kuma a koya musu aikin da gaske, domin rabin abin da muke kira lalaci rashin sani ne: yaron da ba a gaya masa cewa busasshen tsumma a kan ƙurar hunturu yana karce fenti ba, ko cewa ana fara wanki daga sama a sauko ƙasa, ko cewa ba a wanki a tsakiyar rana domin sabulu yakan bushe ya bar zane, zai yi iya ƙoƙarinsa ya sha zagi, gobe kuma ya ƙi. A unguwar da ake sayen ruwa daga 'yan ga-ruwa, sanin cewa bokiti biyu sun isa shi ma ilimi ne. Makulli kuwa ya zauna a aljihun babba, kada kuma a bar ƙananan su kaɗai a ciki, domin rufaffiyar mota a rana takan zama tanda cikin ɗan lokaci, kuma an sha rasa yara ta wannan hanya.

Duk wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne fuska ta biyu ta yarjejeniyar. Wanda aka ba alhaki dole a ba shi baki. Idan yarinya ce ke kula da kujerar gaba, to tana da ikon cewa, cikin ladabi, “Baba, ga ɓawon goronka”, kuma Baba ya ɗauke ba tare da ya haɗe rai ba. Iyaye nawa ne za su iya jure wannan? A al'adarmu yaro ba ya gyara wa babba, kuma akwai hikima a cikin hakan da ba na son a zubar. Amma dokar da ta hau kan kowa ban da wanda ya kafa ta, yara sun san sunanta tun kafin su karanta tarihin mulkin soja. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a 1973 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, kuma a cikinsu akwai amana, akwai ladabi, akwai adalci. Mukan nemi biyun farko daga yara, mu manta cewa na ukun daga wurinmu ake fara neman sa.

Akwai kuma wani mutum da ba mu ambata ba tun da muka fara, alhali a gidaje da yawa shi ne ainihin mai wanke motar: yaron gida, ko maigadi, ko almajirin da ke zuwa da sassafe. Sau da yawa sa'an 'ya'yan gidan ne, wani lokaci ma ƙaninsu. Shi ke duƙawa cikin sanyin Janairu yana zura hannu ƙarƙashin kujera yana fito da abin da suka tauna suka tofar, su kuwa suna tsaye da kayan makaranta suna jira ya gama. Babu wanda ya yi niyyar mugunta a wannan hoto, amma a duba abin da yake koyarwa kowace safiya: cewa duniya ta kasu biyu, masu zubarwa da masu kwashewa, kuma haihuwa ce ke tantance inda mutum ya faɗa. Yaron da ya tashi a haka, ranar da aka ba shi motar ofis da direba, ko aka damƙa masa ma'aikata, yaya ake tsammanin zai ɗauki kayan gwamnati? Ya riga ya saba cewa akwai wani, wanda ba a ma san cikakken sunansa ba, da zai zo ya gyara.

Za a ce, kuma da gaskiya, wankin motar nan shi ne abincin almajirin. Idan aka karɓe aka ba 'ya'yan gida, an tsare tarbiyyar masu hali an toshe hanyar cin marar hali. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba na jin ana iya ture ta da magana ɗaya. Abin da zan iya cewa shi ne, rabon da muka yi tun farko yana taimakawa. Ƙurar waje aiki ce, ana iya ɗaukar wani a biya shi hakkinsa cikakke kuma a kan lokaci, babu ƙasƙanci a ciki. Amma abin da yaro ya zubar da hannunsa, bai kamata a sa ɗan wani ya kwashe ba ko da an biya shi, domin kuɗin ya biya aikin, bai biya abin da aka dasa a zukatan yaran biyu ba. Tambayar da ta fi wannan girma, wato me ya sa ɗaya ke riƙe da jakar makaranta ɗayan kuma bokiti, ta fi ƙarfin wannan muƙala, amma uban da ya tsaya ya kalli ƙofar gidansa da ƙarfe bakwai na safe ba zai rasa jin ta ba.

A gefe guda, ba zan wuce ba tare da na ce wani abu a kan rabon aiki tsakanin maza da mata ba. A gidaje da yawa wankin mota na maza ne, kuma shi ne kusan aikin gida ɗaya tilo da suke yi, sau ɗaya a mako, a waje, inda masu wucewa za su ce sannu da aiki. 'Yan mata kuwa suna wanke-wanke sau uku a rana babu mai gani. Uban da ke alfahari cewa ya koya wa ɗansa ɗaukar nauyi saboda yana wanke mota ranar Asabar, ya ƙirga kwanukan da ƙanwarsa ta wanke daga Asabar zuwa Asabar.

Saura tagar mota. A ce duk abin da aka faɗa ya tabbata: yara sun karɓi motar a matsayin tasu, ba sa barin ko tsinke a cikinta. Ana cikin tafiya a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, yaro ya shanye ruwan leda, ya dubi ƙasan motar da ya share da hannunsa, ya ga bai kamata ya ɓata shi ba, sai ya sauke gilashi ya wurga ledar waje. Uwar ma wataƙila ita ta ce ya yi hakan. Ta wata fuska tarbiyyar ta yi nasara, domin ya kishi abin da yake nasa. Ta wata fuskar kuwa ba a yi komai ba sai matsar da iyaka: da kujerarsa ce kawai tasa, yanzu motar duka, amma daga bakin gilashi zuwa waje har yanzu na wani ne. Ledar nan ba ruɓewa za ta yi ba. Za ta bi iska ta maƙale a ƙaya, ko akuyar wani ta haɗiye ta, ko ta tarar da dubban 'yan'uwanta a kwata su toshe ta, ruwan Agusta ya shiga ɗakin wanda bai taɓa mallakar ko keke ba. Ƙasar Ruwanda ta haramta ledoji tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, amma doka ba ta ganin hannun da ke fitowa daga taga a tsakiyar daji. Wanda ke ganin sa shi ne uban da ke riƙe da sitiyari, ta madubin da ke gabansa. Yana iya yin shiru, domin motarsa dai ta tsira. Yana kuma iya rage gudu, ya sauka gefen titi, ya ce, “Je ka ɗauko”, ya jira, ko da an makara, ko da sauran suna gunaguni, ledar ta koma cikin motar da aka sha wahalar sharewa ta zauna a ƙafar mai ita har a isa inda akwai kwandon shara.